Hannun Hagun Guduma

Mai aski ya kashe inji, ya bar kan direba rabi a aske, saboda an sake tayar da musun damben Guduma na ƙarshe.

"Da an kai zagaye na biyar, wallahi da ya ɗauke kambun," in ji tela. Yana da hujja, don kowa ya san Guduma kamar tsohuwar mota yake, sai ya yi zafi yake gudu.

Mahauci ya yi tsaki. "Wanda aka shimfiɗe a zagaye na biyu, ina ruwansa da na biyar?"

Guduma kuwa yana zaune a ƙarshen benci, hannuwansa na rawa, ana cin namansa a gabansa. A zamaninsa babu yaron atisayen da ke kwana biyu a hannunsa. Ko an buga ƙararrawa ba ya daina duka, yana yi yana dariya, kuma bai taɓa tambayar sunan ɗayansu ba. Yanzu likita ya raba shi da dambe har abada, bugun da ya sha kuma ya share masa ranar damben daga kai. Abu ɗaya ke cin ransa: kowa ya ga ya sauke hannun hagu daga fuskarsa, shi kuwa bai san dalili ba.

Ana cikin haka sai ga Baba Mai Tawul, riƙe da ledar ayabarsa mai laushi kamar kullum. Shi ne tsohon da ya zo da ƙafarsa ya roƙi aikin kusurwar Guduma: ba shi ruwa, share masa jini, raɗa masa dabara a kunne. Ɗan dambe kuwa tsakanin zagaye ba ya jin kowa a duniya sai mutumin kusurwarsa.

"Baba, raba mu gardama," in ji tela.

Tsohon ya dubi hannuwan nan masu rawa, ya daɗe yana kallo.

"Da an daɗe, da ya ci," ya ce. "Ko shakka babu."

Hawaye ya cika idon Guduma. "Allah ya saka maka, Baba. Kai kaɗai ba ka guje ni ba."

"Amin," in ji tsohon, ya fita.

A gida ya murƙushe ayabar da cokali, ya tallabo kan ɗansa, saurayin da bai sake riƙe cokali ba tun ranar da aka ɗauko shi daga ɗakin atisaye, bayan an buga ƙararrawa ba a daina dukansa ba. Ya goge masa baki da tsohon tawul, ransa fari ƙal.

"Yau ma sun yi musun, ɗana," ya ce. "Na gaya musu gaskiya, da an daɗe da ya ci. Shi ya sa na raɗa masa cewa hannun daman abokin karawarsa ya karye, ya sauke hagunsa."