Rigar da Ta San Jikinsa

Bari in ba ki misali, ƙanwata, tun da na ga kin ɗaure tsofaffin rigunan maigidanki za ki kai wa dillaliya. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma a kan tufa ba a yi mini wayo.

A ce zamani ya juya, kowane ɗan Adam da baiwar da yake zuwa da ita duniya. Wani ya tashi sama kamar shirwa, wani tafin hannunsa na fitar da wuta, wata ta ɗaga buhun gero da ɗan yatsa. To tufa ma sai ta bi jiki. Masu tashi suka koma wando mai tsukakkiyar ƙafa, matan cikinsu na ɗinke dalma a bakin zani kada iska ta tona musu asiri. Masu wuta suka daina sa riga mai hannu, sun gaji da asara. Ana nan sai masaƙa suka fito da wani yadi da ya raba gardama. Ba ya ƙonewa, ba ya yagewa, ba ya shan gumi, ko goro kika tofa masa sai ya zame. Gari ya ruɗe.

Akwai wani mutum a garin, mai tashi ne, sana'arsa kiwon hadari. Yakan hau sama ya kaɗo girgije zuwa gonakin da ke jin ƙishi, kamar yadda ake kaɗa shanu mashaya. Matarsa kuwa baiwarta 'yar ƙarama ce: in ta dafa tufa sai ta ji muryar wanda ya taɓa sa ta. Da wannan take cin kasuwa. Dillali bai isa ya ce mata sabuwa ce fil ba, tana taɓawa za ta ce, "Ji tsoron Allah, mutum biyu sun yi atishawa a cikinta." Mijin yana da wata tsohuwar rigar saƙi, shunin ya koɗe, wuyan duk faci. Abokan aikinsa na sauka suna ƙyalli, shi ya sauko kamar tsohuwar ungulu, abin na cin matar a rai. Kullum ta yi magana sai ya ce, "Ke dai bar mini abata, ta san jikina." Ran nan ta cire ta daga igiyar shanya, ta haɗa da sauran tsofaffin kayansa, sai kasuwa. Ta tsaya wa dillali a wuya tun hantsi har rana ta take tsaka, sai da ya ba ta sababbin riguna na sabon yadin nan har da hula a kai gyara. Ya ce, "Na sallama, baiwar Allah, tafi kafin ki karɓe rumfar." Babu gidan da ba ta shiga ta ba da labarin cinikin nan ba. Mijin ya juya sabuwar rigar a hannu, ya daɗe, ya ce, "To, Allah ya amfana."

Damina na tsaka tsawa ta same shi a cikin girgije. Abokansa suka sauko da shi, aka yi masa sutura, aka miƙo mata rigar a ninke, ko baƙi ba ta yi ba. Da masu gaisuwa suka watse ta ɗora hannu a kai don ta ji muryarsa. Shiru, kamar ta dafa kwano. Ashe yadin da ba ya kama datti, murya ma ba ya kamawa. Ta birkice ɗaki tana neman tsohon kayansa, ashe ko tsohuwar hula ba ta rage ba ranar cinikin. Ga takaba ta zaunar da ita, kuma girman kai ya hana ta aika wa dillalin, kada a ji mai cin kasuwa na roƙon a warware ciniki. Ranar da ta fita takaba ta je da ƙafarta neman tsohuwar rigar. Ya ce, "Allah ya jiƙan maza, amma kin makara. An yayyaga ta tuntuni. Sabon yadi ba ya goge ruwa, yanzu tsumman auduga ya fi riga daraja." Sai ta shiga bin kasuwa rumfa-rumfa, matar da ba ta sunkuya wa kowa, tana shafa tsumman mahauta da na masu tuya, suna cewa ta taɓu. A teburin wani mai shayi ta ga ɗan ƙyalle mai shuni, da shi yake sauke buta, bai fi tafin hannu ba. Ta dafa. Sai ta ji tarinsa, sannan abin da yake faɗa duk ranar da ƙafarsa ta taɓa tsakar gida: "Na dawo." Iyakar abin da ya rage ke nan. Mai shayi ya ga hawaye, ya tsawwala kuɗin ƙyallen. Ba ta taya ba. Ta sauke ƙunshin sababbin rigunan duka a gabansa, ta ƙulle tsumman a bakin mayafi, ta juya.

Don haka kwance ƙunshin nan, ki mayar cikin akwati. Masu magana ba su yi ƙarya ba da suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.