Minti Tara Ba Sabis

Tana fitowa daga ɗakin na'urori, yatsunta a ƙage saboda sanyi, sai wayarta ta yi ƙara. Yayanta ne.

"Baba ya rasu," in ji shi. "Sai haƙuri, auta."

Ta jingina da bango. Shekararta shida tana injiniya a wannan gini, inda kamfanoni, har da na layin wayar da ita da 'yan gidansu ke amfani da shi, ke hayar kabad na ƙarfe su ajiye na'urorinsu, har kunnenta ya daina jin gurnanin fankoki. Yanzu shi kaɗai take ji. Ta jira kuka, bai zo ba.

"Sai da ya farfaɗo," yayan ya ci gaba. "Ya ce a kira masa ke, yana da magana. Na kira ya fi sau goma, da wayata, da ta Umma, layi ya ƙi shiga. Kafin sabis ya dawo ya cika."

"Ƙarfe nawa ke nan, Yaya?"

"Wajen uku da kwata."

Manajanta ya leƙo daga ofis yana murmushi, da takarda a hannu.

"Sannu da aiki, Injiniya. Minti tara kacal kika ɗauke wa kamfanin wayar nan layi, kika mayar da kebul ɗinsu sabon kabad. Har sun bugo suna yabo. Rubuta mini lokacin da kika cire, ki sa hannu."

Ta karɓi biro, waya maƙale a kafaɗarta, yayanta na tambaya ko tana jinsa. Ta rubuta uku da minti goma sha biyu, ta sa hannu.