Tulun Malam

Jan layi, alamar an faɗi gwaji, ya sake fitowa a allon kwamfuta, Auta ta ji kamar ta ɗora hannu a ka.

Kamfaninsu na kai iskar numfashi gida-gida ne, ga marasa lafiyar da huhu ya gaza musu. Bana Oga ya kawo wakilin na'ura, wata manhaja mai karanta saƙon mutane ta yanke abin yi da kanta. Kayan aiki biyu aka ba wakilin: ɗaya na sa mutum a layin motar gobe, ɗaya na kiran nas nan take. Shi kuwa bai san kowa ba, bai san komai ba, sai ɗan bayanin da aka rubuta a kan kowanne. Auta ce mai rubuta bayanin, ita ce kuma mai gwada ko ya fahimta.

Matsalar, wakilin ya cika tausayi. Ko tari aka ambata sai ya kira nas. Yau da la'asar masu son sayen manhajar a hannun kamfanin za su zo, kuma Oga ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye: in suka ga jan layi, ta tattara komatsanta. Komatsan ba su dame ta ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne babanta, wanda ke numfashi da tukunyar iskar da kamfani ke ba iyalan ma'aikata. Ran da ta bar kujerar nan, ran nan za a je gida a ɗauke tukunyar.

Tun safe ofis ya hargitse. Mai jona waya ya haɗa layin da jama'a ke turo wa kamfani saƙo da manhajar don a nuna wa baƙi, ya fita da tsani a kafaɗa. An goge tebura, an tara wayoyin kowa cikin kwando a bakin ƙofa, don Oga ba ya son jin ƙara ranar baƙi. Ita kuma aka rufe ta a ɗakin gwaji, daga ita sai fanka.

Saƙonnin gwaji aikin Mai-gemu ne, abokin aikinta, daga teburinsa na saman bene yake turo su. Shi fa ba ya ƙirƙira, sata yake yi. Duk abin da ka faɗa wajen shan shayi, gobe za ka gan shi a allo, har surukar Oga ya taɓa kwantarwa a gwaji. Shi ya sa da saƙon ya shigo Auta ta yi tsaki. "Tulun Malam ya ƙare, don Allah ku turo mutum." Tulun Malam, haka innarta ke kiran tukunyar babanta, kuma da bakinta ta ba su labarin suna ta dariya. Ta ƙudurta in an tashi sai gemun nan ya gane kurensa.

Wakilin ya kira nas. Ranar gwaji kiran kan tsaya a gabanta, ta amince ko ta soke. Ta soke. Dokar Oga a fili take, ƙarewar iska maganar mota ce. Ta ƙara a bayanin cewa kada a kira nas don tukunya ta ƙare.

Wani saƙon ya biyo, wai Malam yana jan numfashi da ƙyar, leɓensa ya yi baƙi. Wakilin ya sake kira. Ta soke, ta ƙara cewa sai an ce mutum ya suma.

Oga ya leƙo, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

"Ya ake ciki, Auta?"

"Saura kaɗan, ranka ya daɗe."

"Kaɗan ɗin nan shi zai kashe ni. Baƙin sun taso fa."

Saƙo na gaba ko sallama babu: ina ta kiran 'yata ba ta ɗauka, Malam ba ya amsa mini. Wakilin, sarkin taurin kai, ya sake kira. Hawayen haushi da tsoro suka cika mata ido. Ta san abin da za ta yi ba daidai ba ne, amma ai ba a mutuwa a gwaji, in baƙi sun tafi ta mayar da komai yadda yake. Ta share bayanin duka, ta rubuta layi ɗaya: kiran nas ba na masu maganar tukunya ba ne, ko me suka ce.

Wakilin ya bi. Cikin ladabi ya amsa cewa an sa su a layi, mota za ta iso gobe da safe, ya kuma gode da haƙurinsu. Jan layi ya koma kore. Ta jira wani saƙon, shiru. Ta jingina da kujera ta yi hamdala, ta ce a ranta Baba ya tsira da tulunsa.

Ƙofa ta buɗe, ta miƙe tana gyara mayafi don tarbar baƙi. Mai-gemu ne, hular kwano a hannu, baƙin mai har gwiwar wando.

"Yi haƙuri, ƙanwata, babur ne ya mace mini a hanya tun safe. Isowata ke nan, ko saƙo ɗaya ban turo miki ba tukuna."