Harawa a Gaban Jirgi

Ina 'yar shekara bakwai, zamanin Turawa, wani ƙaramin jirgin sama ya sauka a gonarmu ta Kusada. Bayan azahar ne, cikin bazara. Ya zo yana tari kamar tsohon jaki, ya ja tayoyinsa cikin rairayi, ya tsaya. Wani Bature ya fito, ya buɗe hancin jirgin yana ta ɗaure-ɗaure.

Baba ya aike ni in kawo wa baƙo ruwa a ƙwarya. Shi kuma ya hau rumfa ya sauko da damin harawarmu na ƙarshe, wanda muke tattali saboda akuyarmu mai ciki. Ya ɗauko shi a ka, ya ajiye a gaban farfelar jirgin.

Mutanen da suka taru kallo suka fashe da dariya. Kunya ta kama ni, na ja masa riga.

"Baba, ƙarfe ne fa, ba ya ci."

"Na sani, ɗiyata," in ji shi. "Amma baƙo bai taɓa sauka wurina na bar abin hawansa haka nan ba. Ba yau zan fara ba."

Da Baturen ya gama gyara, farfela ta juya, iska ta watsa harawar ko'ina. Ni da Baba muka bi gonar muna tsinta har la'asar, ganyen duk warin fetur.

Yanzu jikana gyaran irin waɗannan jiragen yake koyo a Zariya. Duk ranar da ya zo, kafin ya yi wanka, sai na riƙe hannunsa na shinshina. Bai san dalili ba.