Fosta Ta Huɗu

"Wannan ko kaza ba za ta tsorata ba," in ji Sadisu, daraktan fim ɗinmu. Fosta ta uku ke nan da ya ƙi. Wai 'yan kallo jini suke so, in na kasa ya ba wani aikin.

Na kwarara wa fatalwar fim ɗin, wadda na haɗa da wani farin yadi, jan fenti, na sake ɗaukar hotonta. A gidanmu na Arawa na gwada wa Dada, mahaifiyata.

Ta ƙwalla ƙara, ta dafe ƙirji. Daɗi kamar ya kashe ni.

"Dada, kin tsorata ko?"

"Wane tsoro? Wa ya ba ka leshina na bikin Ruƙayyatu?"

Da ta ɗago ta dube ni, sai na ga fuskar da ta dace da fostar.