An Sayar da Tsohon Gola

"Ka sayar da ni?" tsohon ya tambayi jikansa, ya ture kwanon tuwo gefe.

Samarin unguwa ne suka shirya gasar ƙwallo a waya. Sun zuba sunayen 'yan wasan Haɗejiya na zamanin da, kowa ya haɗa ƙungiyarsa, na'ura tana buga wasannin. Tsohon ya tsare raga yana saurayi, kuma duk majalisar da ya zauna sai ya faɗa cewa yana ƙungiyar jikansa.

"Musaya ce, Kaka. Wasa biyu ka yi, raga kamar rariya."

"Na'urarku maƙaryaciya ce. Ni da na tare fenareti a Guri, ruwan ambaliya har idon sawu? Da wa ka musanya ni?"

"Da wani ɗan baya na Kaugama."

"Wancan? Yanzu ko tabarma ba ya iya tsallakewa."

Tsohon ya sassauta murya. "To wa ya karɓe ni? Ashe akwai sauran wanda ya san darajata."

Matarsa, da ke gyaran kifi a bakin murhu, ta goge hannu ta ɗaga wayarta. "Ni ce, Malam. Ni ma ina da ƙungiya."

Fuskarsa ta washe, ya gyara zaman hula. "Yaushe ne wasana na farko?"

"Babu wani wasa. A benci na ajiye ka. Tun da aka ɗaura mana aure nake neman hanyar da za ka zauna wuri ɗaya."