Ƙaro a Hannun Baba

Ranar da na kawo selo gida daga makaranta, wannan ƙaton gogen Turawa da ya kusa fin ni tsawo, Baba yana zaune a barandar gidanmu na unguwar Glenwood, a ƙasar waje, ko takalmin aiki bai cire ba. Na ja sandarsa mai izga a kan tsirkiya, sai wata ƙara kamar ta tsohuwar ƙofa.

"Miƙo nan, Uwata," in ji shi. "Izgarki ba ta sha ƙaro ba."

Ya ɗauki dunƙulen ƙaron da ya zo tare da selon, ya shinshina. Sannan ya goga shi a jikin izgar, sama da ƙasa, da hannun wanda ya saba.

"Haka hannun mahaifina yake ƙamshi. Mai goge ne." Ya waiga titi, ya rage murya. "Kada ki faɗa wa kowa a masallaci. Na gaji da sunan ɗan maroƙi tun a gida."

Bai taɓa hana ni kiɗa ba, bai kuma taɓa zuwa ya saurare ni ba, har Allah ya karɓi abinsa.

Yau kiɗan ne sana'ata. Kafin in hau dandali nakan shinshina yatsuna. Ko sunan kakan nan nawa ban sani ba.